Me Ya Sa Tsohuwar Mota Take Ƙin Tashi? Mu Bi Sawun Wuta Daga Batir Zuwa Kik

Duk wanda ya taso a Kangire, ko a ɗaya daga cikin garuruwan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya iya turin mota tun kafin ya san yadda ake riƙe sitiyari. Da sanyin safiya, musamman a lokacin hunturu, direba zai leƙo ya nemi samari su kama masa. A tura, ya saki kuloci, motar ta yi tari sau biyu ta kama, kowa ya karkaɗe hannunsa ya kama gabansa. Mun saba da abin har mun daina ganinsa a matsayin matsala.

Amma akwai ranar da wasa ke ƙarewa. Ita dai wannan motar ce ake bugawa mai ita ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama, domin a garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ita ce ke kwasar buhunan riɗi da gyaɗa zuwa kasuwar Sara. Ita ce wani lokaci ke kai ɗalibai wurin jarrabawa. Da ƙarfe biyun dare babu samarin turi, kuma jarrabawa ba ta jiran wanda motarsa ta ƙi tashi.

Akwai kuma asarar kuɗi. Da zarar mota ta ƙi tashi, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne batir ya mutu. Sai a sayar da tunkiya a sayo sabon batir, bayan mako biyu shi ma ya kwanta. An bar jaki ana dukan taiki, domin sau da yawa laifin yana jikin wata waya ko wani noti da ya yi tsatsa. A wannan makon za mu bi sawun wutar mota daki-daki, mu ga yadda mai wayarin da ya san aikinsa yake gano inda gizo ke saƙar. Za ku yi mamakin ganin cewa yawancin abin da yake yi yana cikin littafinku na Fiziks.

Motocin da suka girme mu

Yawancin motocin da ke jigila a yankinmu sun girmi duk wanda ke karanta wannan shafi. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma daga 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, abin da ya sa 504 ta cika hanyoyin Arewa. Bayanta aka sami Golf da J5 da Hiace da sauran motocin da aka gama morarsu a Turai kafin su iso mana. Injinsu na da ƙarko, kuma bakanike na iya sauke shi ya sake masa kayan ciki. Wayoyin kuwa sau da yawa su ne dai na asali, sun sha zafin bazara, sun sha ƙurar hunturu, sun sha laimar damina. Robar da ta lulluɓe su ta bushe ta tsattsage. Motar da ke dakon hatsi kuma ba ta rabuwa da ɓeraye, su kuwa ba sa raina waya. Ga shi kowane mai gyara da motar ta ratsa ta hannunsa ya yanke nan ya ƙulla can.

Kafin a ƙirƙiro abin tayar da mota na lantarki, da hannu ake juya injin, kamar yadda muke gani ana yi wa injin niƙa, kuma idan ƙarfen ya dawo da baya yakan karya hannun mutum. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya samar da kik na lantarki da aka sa a motar Cadillac a 1912. Batirin kansa ya girmi motar: wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, kuma irinsa ne har yau a ƙarƙashin bonet.

Abokan aiki uku da hanyar da ta haɗa su

Abubuwa uku ne ke aikin tayar da mota da yi mata caji. Na farko batir, shi ne rumbun ajiya. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1, idan aka tara su a sami 12.6. Na biyu kik, wanda ƙaramin inji ne na lantarki mai ƙarfin gaske. Idan aka murɗa makulli sai ya tura ɗan haƙorinsa cikin haƙoran babban faifan da ke bayan injin, ya juya shi har injin ya kama. Na uku altaneta, wadda fambel ke juyawa muddin injin na aiki. Ita ke mayar wa batir abin da kik ya ɗiba, ita ke kuma ciyar da fitilu da hon da rediyo a kan hanya. Tana aiki ne da abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, wato idan maganaɗisu ya yi motsi kusa da naɗin wayar jan ƙarfe, wuta na samuwa a cikin wayar.

Abin da mutane ke mantawa shi ne na huɗu, wato hanyar da ke tsakanin waɗannan ukun. Wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar zuwa da ta dawowa. Daga kan batir mai alamar tarawa (+) wata waya mai kaurin yatsa ta tafi kai tsaye zuwa kik. Hanyar dawowa kuwa ita ce ƙarfen motar kansa. Shi ya sa aka ɗaure kan batir mai alamar ɗebewa (−) a jikin bodi, aka kuma sa wata kakkaurar waya ta haɗa injin da bodi ko da batir, domin injin yana zaune ne a kan roba, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Wannan ita ce wayar da masu gyara ke kira at. Babu wayar da aka fi mantawa da ita a mota kamarta, saboda tana can ƙasa cikin baƙin mai da laka.

Akwai kuma wata siririyar waya da ta taso daga makulli zuwa wani ɗan gwangwani da ke goye a bayan kik, wanda ake kira solonayid. Makulli ba zai iya ɗaukar wutar da kik ke sha ba, zai ƙone. Aikinsa kawai ya aika saƙo ta siririyar wayar, shi kuma solonayid ya ja ƙarfensa ya haɗa babbar hanya. Ƙarar "ƙat" da kuke ji idan an murɗa makulli, tasa ce. A motocin Jamus irin su Golf za ku ga lambobi a jikin mahaɗan wayoyi: 30 ita ce wutar batir kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa bayan an kunna makulli, 50 saƙon da ke zuwa kik, 31 kuma at. Wanda ya haddace waɗannan huɗun ya fara karatun wayarin.

Lissafin da ke warware rikici

Ga tambayar da ke ɗaure wa direbobi kai: fitila na kamawa fes, hon na kuka, rediyo na magana, to me zai hana kik juyawa? Amsar tana wurin wani Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya wallafa dokarsa a 1827.

Mu ɗauki misalin injin ban-ruwa a fadama. Ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke gudu cikin tiyo, shi ne amfiya. Idan wani ya taka tiyon ko laka ta toshe shi, wannan ita ce turjiya, wadda ake aunawa da om. Dokar ta ce bolt ɗin da ke salwanta a wuri daidai yake da amfiya sau om.

Yanzu a ce kan batir ya yi wannan farin gari mai kama da gishiri, ya haifar da turjiya ta om 0.02 kacal. Manyan fitilu biyu masu wat 55 kowacce suna shan kimanin amfiya 9. Idan muka yi 9 sau 0.02 za mu sami bolt 0.18. Wannan asarar ba ta taka kara ta karya ba, don haka fitila za ta haska kamar babu komai. Kik na ƙaramar motar fetur kuwa yakan sha tsakanin amfiya 100 da 200. Mu ɗauki 150. Idan muka yi 150 sau 0.02, bolt 3 cur sun tafi a wuri guda. Shi kansa lafiyayyen batir yakan sauko zuwa wajen bolt 10.5 lokacin da kik ke jan sa. A cire 3, saura 7.5, kuma wannan ba zai juya injin da ya kwana cikin sanyi ba.

Ina wutar da ta salwanta ta tafi? Ta zama zafi. Bolt 3 sau amfiya 150 ya ba da wat 450, duk a kan ɗan wurin da bai fi kwabo faɗi ba. Shi ya sa gogaggen mai wayarin, bayan an gwada kik sau biyu, yakan kai bayan hannunsa kusa da mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Inda ya ji ɗumi, nan turjiyar take.

Fara da kunne da ido

Mai wayarin na ƙwarai ba ya fara aiki da sifana. Yakan ce a murɗa makulli ya saurara, domin kowace cuta da irin kukanta.

Idan aka ji "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri a jere, wutar da ke isowa ta yi kaɗan. Solonayid na kamawa, kik ya ja wuta, ƙarfi ya faɗi, solonayid ya saki, ya sake kamawa. Ko batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi datti ko sun yi sako-sako.

Idan "ƙat" ɗaya aka ji sannan shiru, saƙon makulli ya isa, amma babbar hanya ce ba ta buɗe ba. A duba kakkaurar waya da at, sannan cikin solonayid ɗin, sannan gawayin kik. Wannan gawayin, wanda masu gyara ke kira burushi, yana cinyewa da daɗewa. Shi ya sa wani lokaci idan aka ɗan ƙwanƙwasa kik sai ya tashi. Dabara ce ta fita daga daji, ba gyara ba ce, kuma duka da ƙarfi na iya fasa maganaɗisun da ke cikin wasu ire-iren kik.

Idan shiru aka ji ɗungurungum, a dubi fitilun gaban direba. In su ma ba su kama ba, wuta ba ta baro batir ba sam. In sun kama, to saƙon ne bai isa ba: ko makullin ya cinye, ko siririyar waya mai lamba 50 ta zare. A mota mai canza giya da kanta, a tabbata giyar na kan P ko N, domin an yi ta ne ta ƙi tashi a sauran wuraren.

Idan kik na juyawa da nauyi kamar wanda aka tasa daga barci, batir ne mai rauni, ko turjiya a hanya, ko kik ɗin ya gaji. Idan kuma yana wani irin kuka "wiii" shi kaɗai injin bai motsa ba, haƙorinsa ne bai shiga ba. In kuwa injin na juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, a ƙyale batir da kik su huta, laifin na wajen mai ne ko filogi.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki ko ɗaya. A kunna manyan fitilu, mutum ɗaya ya tsaya daga gefe yana kallo, a murɗa makulli. Idan hasken ya dushe sosai ko ya ɗauke, batir ne ko mahaɗansa, ko kuma kik ya cije. Idan hasken bai ko girgiza ba, kik bai sha komai ba, sai a bi layin makulli da solonayid. Kada dai a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda, a riƙa barin kik yana hucewa.

Abin da mita ke faɗa

Gani ya kori ji. Ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda ke ɗakin gwaje-gwajen makaranta ko wurin masu gyaran waya da sola, ita ce ke raba gardama. A juya ta zuwa inda aka rubuta 20 a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi, jan tsinke a kan (+), baƙi a kan (−). Awo huɗu ake yi.

Awo na farko, mota a kashe, bayan ta huta na wasu sa'o'i. Bolt 12.6 na nufin batir a cike yake. Idan 12.2 ne, kusan rabi ya rage. Idan 12.0 ne ko ƙasa da haka, ya kusa ƙarewa. Amma a lura, batirin da ya sauka ba lallai ne ya lalace ba, kamar yadda randar da ba ruwa ba lallai ne ta fashe ba. A yi masa caji tukuna, sannan a tambayi dalilin da ya sa ya sauka.

Awo na biyu, lokacin da ake murɗa makulli. Cikakken batir mai lafiya bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 9.6 ba. Idan an cika shi amma ya rufto zuwa 6 ko 7, ko dai ya tsufa ko kik na jan abin da ya wuce ƙima.

Awo na uku, injin na aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Idan mita ta tsaya a 12 da ɗoriya, tana kuma raguwa in an kunna fitilu, caji ba ya zuwa. Idan ta haura 15, caji ya yi yawa. Alamarsa ruwan batir na yawan ƙafewa, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na yawan ƙonewa. Wannan laifin ɗan abin da ke daidaita wutar altaneta ne, wanda tsofaffin masu gyara ke kira katawut.

Awo na huɗu shi ne wanda ya bambanta gwani da ɗan koyo. A nan wayar kanta ake aunawa. A sa tsinke ɗaya a kan dalmar batir ta (−), ɗayan a kan tsabtataccen ƙarfen injin, wani ya murɗa makulli. Da yake duka wuraren biyu hanya ɗaya ce, bai kamata mita ta nuna abin kirki ba. Idan ta nuna fiye da rabin bolt, akwai turjiya a layin at. Haka za a yi tsakanin dalmar (+) da notin da kakkaurar waya ta sauka a jikin kik. Sai a riƙa matsar da tsinke gaɓa-gaɓa har a ritsa wurin. Dole ne a yi wannan awon lokacin da kik ke ja, domin waya mai silin jan ƙarfe uku kacal da suka rage za ta nuna 12.6 lafiya lau idan ba a ɗora mata kaya ba.

Idan at ɗin injin ya tsinke gaba ɗaya, wuta ba ta haƙura, sai ta nemi ɓarauniyar hanya. Takan bi ta wayar totur ko ta kuloci ta koma bodi, har wayar ta yi zafi ta narkar da robarta. Duk motar da ke cin wayar totur ba dalili, a leƙa at ɗinta.

Maganin yawancin waɗannan ba shi da tsada. A kwance mahaɗin, a kankare shi har ƙarfe ya yi ƙyalli, a wanke farin garin da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, domin kanwa na kashe kaifin asid. A kula kada ruwan ya shiga cikin batir. A busar, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a sama. Cusa ƙusa ko buga kan batir da dutse don ya kama, gyaran ganga ne da ke jawo auzinawa.

Jar fitilar da ba a so ta mutu

A gaban direba akwai jar fitila mai hoton batir. Idan an kunna makulli kafin a tayar da injin, dole ta kama. Idan injin ya tashi, dole ta ɗauke. In ta kama ana cikin tafiya, caji ya tsaya, motar na cin ajiyarta ne kawai, kuma da daddare da fitilu a kunne ajiyar ba ta daɗewa. Abin da za a fara dubawa shi ne fambel. A motoci irin su 504, shi ne kuma ke juya famfon ruwan injin, don haka idan ya tsinke aka ci gaba da tafiya, injin zai yi zafi ya lalace. Fambel mai sako-sako yakan yi ƙara kamar kukan ɓera idan an taka totur. In an danna tsakiyarsa da babban yatsa, injin a kashe, bai kamata ya lotsa fiye da kimanin santimita 1 ba.

Ga wani sirri da ko wasu direbobin ba su sani ba. A tsofaffin motoci da yawa, 'yar wutar da ke ratsa wannan jar fitilar ita ce ke fara tayar da maganaɗisun cikin altaneta. Idan ƙwan fitilar ya ƙone, ko wani ya cire shi don ya dame shi, altaneta lafiyayya na iya ƙin fara caji, ko ta ƙi sai an taka totur sosai. Ƙwan da bai kai kuɗin kwanon abinci ba sai ya sa a sayi altaneta.

Akwai wata al'ada da muke roƙon a bari, wato zare kan batir injin na aiki don a ga ko motar za ta mutu. Batir ne ke shanye hauhawar wutar altaneta. Idan aka zare shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona kayan cikin altanetar, a motocin da ke da kwamfuta kuma ta ƙona kwamfutar. Mita na ba da wannan amsar ba tare da an yi asarar komai ba.

Ɓarawon dare

Wata motar tana caji lafiya, batirinta sabo, amma in ta kwana biyu a ajiye sai turi. Wannan akwai mai satar wuta. Ƙaramin ƙwai mai wat 5, irin na cikin but, yana shan kimanin amfiya 0.4. A kwana ɗaya ya sha kusan kashi ɗaya cikin shida na batir mai lamba 60Ah, a kwana uku ya raba shi biyu. Sauran waɗanda ake zargi su ne rediyo da abin cajin waya da fitilun ado da aka jona kai tsaye a batir, da kuma altanetar da wani abu ya ƙone a cikinta. Mai wayarin yakan kashe komai, ya sa mita tsakanin kan batir na (−) da wayarsa, ya riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya. Wanda aka zare satar ta tsaya, a layinsa ɓarawon yake.

Shi fiyus an yi shi ne ya mutu domin mota ta rayu. Idan ya ƙone, akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya maye gurbinsa da silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya kori mai gadi ne, kuma wayar da za ta yi zafi a madadinsa tana iya kasancewa kusa da tiyon fetur.

Kafin ku taɓa komai

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, saboda haka duk wanda zai gwada abin da muka faɗa ya yi shi a gaban babba wanda ya san aikin. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma batir na iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Sifanar da ta haɗa kawunansa biyu za ta yi ja, zobe ko agogon ƙarfe kuma ya ƙona fata har tsoka. A cire su kafin a fara. Wajen kwance batir a fara da (−), wajen ɗaurawa a ƙare da shi. Batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, don haka ba a leƙa shi da ashana ko sigari. Ruwansa asid ne. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a wuce asibiti. Idan ruwan ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba. Zafin watannin Maris zuwa Mayu ne ke ƙafar da ruwan yana cin batir a ɓoye, sanyin hunturu kuma ya zo ya tona asiri.

A tabbata giya na furi, an ja birkin hannu. Hannun riga da gefen hijabi da rawani su yi nesa da fambel da fanka. Mataccen batir kuma ba abin wasan yara ba ne, kada a fasa shi a gida ko a narka dalmarsa. Dalma guba ce. Ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da ita ta shiga gidaje. A mayar da tsohon batir wurin masu sayarwa, suna ma rage wa mutum kuɗi.

Sana'ar da ke jiran masu ilimi

Abin da ya raba mai canje-canjen kaya da mai gyara na gaskiya shi ne tsari: a saurara, a duba, a auna, sannan a kwance. Mai cankar kaya zai tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sau uku, batir yau, kik gobe, altaneta jibi. Mai awo zai gano notin da ya yi tsatsa kafin shayi ya huce. Ɗalibin da ya fahimci dokar Ohm ya riga ya yi rabin tafiya, kuma ilimin nan ɗaya ne da wanda ake buƙata wajen haɗa sola, da gyaran babur da A Daidaita Sahu, da motocin lantarki da suka fara shigowa. Hukumar NABTEB na ba da takardar shaida a fannin wayarin mota, ga kuma kwalejojin kimiyya da fasaha a Dutse da Kazaure da Haɗeja ga mai son zurfafawa a aikin injiniya. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba: Sandra Aguebor, wadda aka fi sani da mace ta farko bakanikiya a Nijeriya, ta kafa shirin koya wa mata gyaran mota. Hutun da ke tafe, wanda ya sami izinin iyaye ya nemi wani mai wayarin a Birnin Kudu ko Gwaram ya zauna kusa da shi, da littafinsa da bironsa.

Ga aikin gida. Wata Golf ta ƙi tashi. Mita ta nuna 12.6 a batir. Fitilu na kamawa. An murɗa makulli, an ji "ƙat" ɗaya, injin ya ɗan motsa ya tsaya. An auna tsakanin kan batir na (−) da ƙarfen injin ana riƙe da makulli, mita ta nuna bolt 4. Ina laifin yake? Idan kik na jan amfiya 160 a lokacin, om nawa ce turjiyar, kuma wat nawa ke zama zafi a wurin? Ku yi lissafin, ku nuna wa malaminku na Fiziks, za mu kawo amsar a mako mai zuwa.